Tuffar Bayan Kanti

Ɗana na fari yana da wata takwas na gane ina ɗauke da wani cikin. Shekararmu ta biyu ke nan a Yamai, ba a daɗe da sauke tutar nasara ba, ko'ina ka juya zancen ƴancin kai ake yi. Ni dai ban ga abin da ya sake a tukunyata ba. Maigidana tela ne, kekensa ɗaya a wata rumfa gefen Babbar Kasuwa, rumfar ma su biyu ne a cikinta. Muna haya a Zongo, ɗaki ɗaya na laka a gida mai ɗaki bakwai, kusan kowane ɗaki da yaren da ake yi a ciki. A lungun bayan ɗakinmu nake kiwon kaji biyar, waɗanda na zo da iyayensu daga garinmu cikin akurki a saman kamiyo, babbar motar kaya.

A garinmu mace ta yi ciki alhali goyonta bai isa yaye ba, sunan abin rurrutsa, kuma abin kunya ne. Ba wanda zai tare ki ya faɗa miki, amma in kin doso rijiya za ki ji hira ta mutu. Bayan kunyar kuma akwai tsoro, don kowa ya sani, ko in ce kowa ya ɗauka ya sani, cewa nonon mai ciki dafi ne ga yaron da ke goye. Ban yi shawara da kowa ba. Ranar da na tabbata, ranar na jiƙa ɓawon maɗaci na shafa wa nonona. Yaron ya kama, ya saki, ya dube ni, ya sake kamawa. Har yau ban manta yadda ya dube ni ba.

Da a gida ne, da kakarsa za a kai wa. Tsofaffi sun san yaye, sun san kunun da ake damawa da yadda ake lallashin yaro har ya haƙura. To uwata tana can tafiyar kwana biyu a mota, kuma da wane baki zan aika mata cewa na yi rurrutsa? Maigidana da na gaya masa, ƙasa ya duba, ya ce Allah ya rufa asiri, ya ɗauki almakashinsa ya fita. Aka bar ni daga ni sai yaro da ludayi. Kwana uku yana kuka har muryarsa ta dushe. Na dama masa koko ya furzar. Na jiƙa masa fura ya kau da kai. In na matse masa hanci na ɗura, ya dawo mini da shi a ƙirji. Cikin mako biyu warwaron zaren da ke hannunsa ya fara zamowa har gwiwar hannu, ni kuwa tsoro ya hana ni ko haɗiyar abinci.

Ɗakin da ke kallon namu na wata Bazabarma ce, haifaffiyar Yamai, ta girme ni da kusan shekara goma. Yaya nake ce mata, ita kuma Amarya take ce mini ko da na haihu. Aikin reno take yi a gidan wani nasara a unguwar Filato, cikin waɗanda ba su tafi ba bayan an ba mu mulki. Hausarta ta kasuwa ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinta, kuma ba ta da mugunta ko ta ƙwayar gero. Wata rana da la'asar ta dawo daga aiki ta tarar da ni ina kokawa da yaron, koko ya ɓata mana jiki mu biyun. Ta tsaya ta kalle mu, ta kwance bakin zanenta ta ciro wata ƴar kwalba mai faɗin baki, da ɗan ragowar wani abu a gindinta kamar dafaffiyar kabewa.

"Amarya, ba shi wannan ka gani," in ji ta. "Kwamfot ne. Shi yaron madam yake ci."

Na lakato da yatsa na sa masa a leɓe. Ya tsotsa, ya yi shiru. Sai ya buɗe baki da kansa. Kwana goma sha biyar ban ga ya buɗe wa wani abu baki ba. Na suɗe kwalbar da yatsa tas na ba shi, na zuba ruwa na girgiza na ƙara masa, hawaye na zubo mini.

Yaya ta ce da tuffa ake yin shi, wadda su a gidan nasara suke ce wa pom. Ba ta fita a ƙasarmu, a jirgin sama ake kawo ta. Ta ce in na ga yaron madam, matar nasaran, sai na riƙe baki, cinyarsa kamar taɓarya, kumatu har suna rinjayarsa. Ta ce ba lallai sai na kwalba ba, in na kwalba ya ƙare kukun gidan da kansa yake dafawa, kuma ta sha gani, ba wuya. Tun daga wannan la'asar ban ƙara tunanin wani abinci ba. Na sa a raina cewa ƴaƴan nasara tuffa ce sirrinsu, kuma tunda an ce yanzu mun zama daidai da su, ɗana ma ita zai ci.

Akwai kantin wani kwara, Balarabe ɗan kasuwa, kusa da Ƙaramar Kasuwa inda matan nasara ke sayayya. Ta ƙofar gaba tuffa ɗaya ta fi kuɗin cefanenmu na yini, don haka ban taɓa taka wannan ƙofar ba. Amma Yaya ta nuna mini ƙofar baya. Kwana biyu ko uku bayan saukar kaya, ma'aikatan kantin sukan fito da akwatin waɗanda suka bugu ko suka fara ruɓa ta gefe, su sayar da araha. Arahar ma ta fi ƙarfin abin da maigida ke bar mini. Sai na juya ga kajina. Kukun gidajen nasara kullum neman ƙwai suke, kuma ba sa ciniki. Na riƙa tara ƙwan a ƙwarya cikin dusa, in sun kai shida ko bakwai in goya yaro in tafi in sayar, in zagaya bayan kanti in sayi tuffa biyu, wani lokaci uku. Ban ga asara a cikin wannan ba ko kaɗan. Ai ƙwai a garinmu ba a ba yaro, an ce sata yake koya masa. Gani nake na yi wa kukun nan wayo.

Aikin da nake yi wa tuffar nan ko gyaran amarya albarka. Sai na wanke hannu da sabulu, na wanke wuƙa, sannan in ƙwaƙule inda ya ruɓe, in fere ɓawon siriri don kada nama ya bi shi. In yanka ƙanana, in cire ƙwayoyin, in zuba a wata ƴar tukunya da na ware ba ta taɓa ganin miya ba. Ruwa kaɗan, wuta kaɗan, sai ta narke ta yi lugub. In murje ta a rariya da bayan ludayi, in jefa ƙwayar sukari biyu. Ƙamshin yakan cika gidan, yaran maƙwabta su taru a bakin ƙofa, ni kuwa ina hura hanci. Tuffa biyu ba za su kai yaro kwana uku ba, don haka na koyi miƙa su. Nakan tafasa shinkafa in tsiyaye farin ruwan in haɗa, ko in dama gasara in tace ta sau biyu har ta zama kamar ruwan wanke ƙwarya, in sa cokali ɗaya na tuffa da sukari a ciki. Muddin ya ji wannan ɗanɗanon yana sha. Ƙuli-ƙuli da wake da busasshen kifi suna nan cikin ɗakina, amma ban taɓa kai masa su baki ba. Abincin ƙauye ne a ganina, zai yi wa cikinsa nauyi.

Wata biyu muna haka, sai yaro ya fara cika. Ƙafafunsa suka fara, suka yi suntum suna sheƙi. Sannan bayan hannu, sannan kumatu, har idanunsa suka ƙanƙance. Warwaron da yake zamowa dā, sai da na yanke shi don ya nutse cikin fata. Gashinsa, da yake baƙi wuluk mai tauri irin na ubansa, ya yi laushi, ya miƙe, ya juya ja-ja. Wallahi da na ga wannan gashin daɗi na ji. Na ce a raina, ga shi nan, abincin nasara har gashin nasara yake kawowa. Matan gidan suka sa masa Ɗan Nasara. Ya daina kukan nan da ke hana ni sakat, inda na ajiye shi nan zan tarar da shi, sai aka ce Allah ya ba ni yaro mai haƙuri. Maigidana, wanda da farko yake ƙorafin ina ɓata ƙwai a kan kayan marmari, ya ɗinka masa ƴar riga da ragowar shadda, ya ɗauke shi ran Juma'a ya kai rumfa ya nuna wa abokan sana'a.

Ba zan ce zuciyata ta kwanta gaba ɗaya ba. Yaron ya daina dariya. In na yi masa wasa sai ya bi ni da ido kamar na dame shi. Zawo ba ya barinsa, fatar cinyoyinsa ta yi duhu tana saɓulewa kamar tsohon fenti. Na ce haƙori ne, Yaya ma ta ce haƙori ne, na shafa masa man kaɗanya na rufe da zane. Mutum in yana son ya gaskata abu, ba ya rasa mai taya shi.

A lokacin an fara kiran mata a rediyo su riƙa kai yara awo likita, wato asibiti. Ban taɓa zuwa ba, saboda kunyar cikin da ya fara fitowa. Amma da yaro ya yi wannan cikar sai na ji ina son a gani. Gaskiyar ke nan, yabo na tafi nema. Na sa masa rigar shadda, na ranbaɗa masa kwalli, na yi sammako. A kan bencin jira na dubi yaran wasu, ramammu, na gyara zama na juyo da nawa yadda kowa zai gan shi.

Mai awon wata dattijuwa ce mai farar riga da furfura a gefen kallabi, Madam kowa ke ce mata. Da layi ya zo kaina ba ta ko ɗora shi a sikeli ba. Ta dubi gashinsa, ta ja kaɗan, ya biyo yatsunta ba tare da yaron ya motsa ba. Ta kama ƙafarsa ta danna babban yatsanta a bayan ƙafar, ta riƙe, ta ɗaga. Wurin ya lotsa, kuma bai taso ba. Ramin yatsanta ya zauna a ƙafar ɗana kamar an danna tuwo mai sanyi.

"Ɗiyata, mi kike ba yaron ga?"

Na gaya mata, har da ɗan murmushina. Na ce pom, dafaffiya, tatacciya, irin ta ƴaƴan nasara.

"Da mi kuma?"

"Da ruwan shinkafa, Madam. Da sukari."

"Nono fa?"

Na sunkuyar da kai. Ta dubi cikina ta gane. Ta tambaye ni inda nake samun kuɗin pom, na ce ƙwan kajina nake sayarwa. Sai ta ajiye alƙalaminta, ta rufe ido. Na fi son ta zage ni da haka.

"Wannan ba ƙiba ba ce," in ji ta. "Ruwa ne ya taru mishi cikin jiki. Yunwa ce, ɗiyata. Yaronki yunwa ka kashe shi, cikinshi cike. Kin sai da abin da za ya gina mishi jiki kin sayo ruwa da zaƙi. Nonon ma da kin bar mishi, ba abin da za ya same shi. Mai ciki tana shayarwa, in tana ci tana ƙoshi."

Na ce, "Madam, zai tashi?"

Ba ta ce e ba. Cewa ta yi in na yi abin da za ta gaya mini, kuma Allah ya so. Ta ba ni garin madara a ƙunshin takarda, ta ce in dawo duk bayan kwana uku. Ta lissafa mini abin da zan dama: gero da dusarsa ba tacewa, tunkuza ko dakakken ƙuli-ƙuli, garin wake soyayye, busasshen kifi a daka a tankaɗe, ganyen zogale, ɗan mai, da ƙwai ɗaya kullum. Kaɗan-kaɗan, sau da yawa, ko yana so ko ba ya so. Duk abin da ta ambata, in ban da madarar, akwai shi a ɗakina ko a ƙofar gidanmu. Ashe ni ce kazar da ta kwana a kan dami da yunwa. Ta ƙara da cewa in kumburin ya fara saɓewa zan ga yaron ya rame fiye da yadda na taɓa gani, kada in tsorata in koma gidan jiya.

Ban san yadda na kawo kaina gida ba. Na tuna dai na kwance rigar shaddar na cusa ta ƙarƙashin tabarma. Da Yaya ta dawo aiki na tare ta tun a zaure, ban ko amsa sallamarta ba.

"Yaya, yaron madam ɗinki, ban da pom mi yake ci?"

Ta yi mamakin tambayar. Ta ce madarar gwangwani safe da rana da maraice. Ƙwai da safe. Hanta ko naman kaza a niƙa masa da dankali da karas. Kifi in an samu mai kyau. Kwamfot ɗin a ƙarshe ake ba shi, cokali uku ko huɗu, don ya wanke baki.

"To don mi ba ki gaya mini ba?"

"Amarya, ai waɗannan kowa ya san su," ta ce. "Pom ne kawai babu a wurinmu."

Na yi mata tas a tsakar gida, mata na kallo. Na ce ta kashe mini ɗa da ragowar kwalbar nasara. Na faɗi maganganun da ko kare ba zai ci ba. Ta tsaya riƙe da takalmanta a hannu, hawaye na bin fuskarta, tana ta cewa in yi haƙuri. Na san tun a lokacin ba ita ce mai laifin ba. Ita ta nuna mini cokali ɗaya, ni na mai da shi tukunya. Amma a ranar ba zan iya ɗaukar laifin ni kaɗai ba, sai na nemi inda zan sauke rabi. Na ba ta haƙuri daga baya, ta yafe, sai dai ba ta ƙara shiga ɗakina ba sai da sallama daga waje.

Sabon kunun yaƙi ne. Bakin da ya saba da sukari ina zai karɓi wake da kifi? Ya datse haƙoransa huɗu. Na sayo gwanda nunanniya daga masu lambun bakin kogi, ina murje ƴar kaɗan a bakin cokali, in ya buɗe don zaƙin in tura kunun a baya. Cokali biyu, in jira, in sake. Yini guda ba na wani aiki sai wannan, ga ciki yana tsufa, ga jiri in na miƙe. Wani lokaci ya haɗiye, wani lokaci ya amayar da duk abin da na yi awa guda ina lallaɓawa. Ranar da na fara fasa masa ƙwai, sai da na leƙa na tabbata ba mai kallona, kamar ni ce ɓarauniyar.

Bayan kamar kwana goma abin da Madam ta faɗa ya zo. Ruwan ya fara tafiya, sai ga ɗana na gaskiya ya fito. Kumatun suka zube, fatar cinya ta yi yaushi tana lilo, haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya. Kansa ya yi wa wuyansa girma. An gargaɗe ni, amma gargaɗi daban, gani daban. Matan gidan da suka yi wa rogo kallon kitse tare da ni, yanzu su ne masu cewa likita ta lalata yaro. Wata ta ce kambun baka ne, tunda na kai shi cikin taro. Wata ta ce mini a fuska, da yana shan abin nasaransa lafiya lau yake. A bencin likita kuma akwai wata mata da muke haɗuwa, ɗanta irin ciwon nawa ne da shi. Zuwa na huɗu ban gan ta ba, kuma ban iya tambaya ba.

Wata ranar Asabar da azahar maigida ya shigo sanye da babbar rigarsa ta Juma'a, riƙe da jakar takarda. Ya ajiye a gabana. Tuffa huɗu ne, jajaye, ba tabo ko ɗaya. Ta ƙofar gaba ya shiga ya sayo su, shi ya sa ya sa rigar. Ban tambaye shi abin da ya rabu da shi kafin ya same su ba.

"Tashi ki dafa mishi," ya ce. "Ina gani yaron ga shina ƙarewa. Ki mai da shi ga abin da ya karɓe shi."

Na ce ba zan dafa ba. Tunda aka ɗaura mana aure ban taɓa ce masa ba zan yi ba, sai ran nan.

"An ce mini har ƙwai kike ba shi. Ɓarawo kike so ki yi mini?"

"Malam, ɓarawo dai ana ganinshi shina yawo a kasuwa," na ce. "Ni wanda za ya yi yawo nike biɗa. In ya tashi ya yi satar, ka yanke mini hannu."

Ya ɗaga murya, na ɗaga tawa. Yaron yana kwance tsakaninmu ko kuka bai yi ba. Raina ya gama ɓaci, na ciro tuffa ɗaya na miƙa masa, na ce tunda abinci ce ya ci ya ga ko za ta kai shi la'asar a kan keke. Sai a lokacin na tuna wata biyu ana dafa abin nan a ɗakinsa bai taɓa ɗanɗanawa ba, don kada ya rage wa yaro. Ya karɓa don haushi, ya gatsa, ya tauna. Ya sake gatsa. Na ga fuskarsa ta sake. Ya dubi inda ya gatsa, ya dubi ɗansa.

"Ashe ruwa ne," ya ce a hankali.

Ya zauna a bakin gado da babbar rigarsa, ragowar tuffar a hannu. Washegari ya dawo daga kasuwa da hanta a ƙunshe cikin takardar siminti. Ƙwai kuwa bai taɓa cewa ya yarda ba. In ya ga na ɗauko, sai ya tuna yana da alwala a waje.

Ba rana ɗaya zan nuna in ce ran nan ya tsallake ba. Zawon ya tsaya, ya dawo, ya sake tsayawa. Na dai tuna wata safiya da na makara wajen dama kunun, sai na ji ihu daga ɗaki, ihu na fushi, irin wanda rabona da ji tun ranar maɗaci. Na shiga da gudu na tarar yana dukan tabarma da tafin hannu. Na zauna ina ba shi yana fizgar cokalin, ina dariya ina share majina. A awo na gaba Madam ta danna ƙafarsa, fata ta taso. Ta ɗora shi a sikeli, ta rubuta, ta ce mini, "Bon." Iyakar yabon da na samu ke nan, kuma ya ishe ni.

Na haifi ƙanwarsa da damina, na shayar da ita har ta ƙi da kanta, mai magana ya yi ta yi. Ta yi zama, ta yi rarrafe, shi yana nan yana jan gindi a tsakar gida da ƙafafu kamar sillen kara. Ba ta cika shekara ba ta kama turmi ta miƙe, ta saki, ta yi taku uku zuwa wurina. Matan gida suka yi guɗa. Na waiga na ga yayanta zaune a inuwar bango, ya haura shekara biyu bai taɓa tsayawa da ƙafarsa ba, yana tafa mata hannu yana dariya. Na ajiye yarinyar na shiga lungun kaji na yi kuka har na gode Allah.

Ya yi tafiya bayan wata huɗu. Ya yi lakkwal, wato boko, ya yi aiki, ya gina gidansa a Banifandu, inda a wancan zamani gonakin hatsi ne. Bai taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Amma duk ƙannensa, mata da maza, sun fi shi tsawo, kuma kowace damina sai ta kwantar da shi. Ubansa ya rasu bai gaya masa komai ba, ni ma ban gaya masa ba. Bara da salla, ƴaƴansa suna tsokanarsa wai autarsu ta kusa kamo shi, ya juyo yana dariya, da furfurarsa, ya ce mini, "Inna, gajartar ga tawa wa na gado? An ce kakana na wajenki gajere ne, ko?"

Ubana dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga zaure. Na ce masa e, gado ne.